'Yar na'urar ELM327 da na siya saboda wutar cek, ga yadda muka kwashe da ita

Wata bakwai kenan 'yar shuɗiyar na'urar nan tana hannuna, wadda ake soka wa mota a ƙasan sitiyari ta haɗu da waya ta bulutut, a jikinta an rubuta ELM327, kuma tunda mutane sun ishe ni da tambaya a majalisa da wajen aiki wai tana aiki kuwa ko asarar kuɗi ce kawai, nace bari in zauna in rubuta yadda muka yi da ita tun daga farko. Ni dai ba bakanike bane, ko fulogi ban taɓa kwancewa da hannuna ba kafin wannan abin, haushi ne ya kai ni ga siyanta ba wani ilimi ba.

Motar Corolla ce 2004 'yar Amurka, ta Kwatano ta shigo, injin 1ZZ mai silinda huɗu, irin motar nan da ba ta da rigima in dai kana bata baƙin mai akan lokaci. Cikin hunturu wata safiya na tashe ta zan kai yara makaranta sai naga wutar cek ta ƙi mutuwa, 'yar ruwan ɗorawar nan mai hoton inji, ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa. Motar tana tafiya lafiya, sai dai a silo tana ɗan rawa musamman da safe, sitiyari na karkarwa a hannu in na tsaya a danja, sannan ga shan mai da ya ƙaru. Da can ne da mutum ba zai ma lura ba, amma tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, wlh ko cokali ɗaya mota ta ƙara sha sai aljihu ya gaya maka.

Na fara kai ta wajen bakanike na na unguwa, mutumin kirki ne kuma a harkar ƙafa da burki ba ni da kamarsa, amma da yaga wutar dariya yayi yace yallaɓai ai wannan ba komai bace, rabin motocin garin nan da ita suke yawo, man ƙasar nan ne kawai. Ya sa yaro ya cire kan batir aka ɗan jira aka mayar, wuta ta mutu, na bada na shan ruwa na tafi ina murna. Kwana biyu ta dawo. Na koma yace in tana damuna a liƙe wajen da baƙin salatif ko a cire ƙwan gaba ɗaya in huta. Nace a'a oga bari dai in nemi mai kwamfuta.

Mai kwamfutar da aka yi min kwatance shi ne ya fi ƙona min rai. Ya soka na'urarsa, ya danna danna, ko juyo min da fuskarta bai yi ba, minti uku bai cika ba yace Alhaji oksijin sensa ne, a canza. Na biya 5k na dubawa, aka tura yaro ya kawo wani na Baljiyam, wai daga jikin inji aka ciro shi orijina ne, aka ɗaura aka goge cek. Yaron har zai wurga tsohon nawa cikin tarin ƙarafa nace kai bani abuna, na jefa a but, kuma wannan ne kaɗai wayon da nayi a ranar. Kwana uku wuta ta dawo, rawar silo ko gezau. Na koma, ko ɗaga bonet bai yi ba yace to ai guda biyu ne a motar, na bayan ne ya rage, shi ma a canza. Anan na tsaya, nace in aka canza na bayan ta dawo fa, me ya rage kuma. Yace sai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Na shiga motata nayi gaba, tsugune bata ƙare ba kenan, an saida kare an sayi biri.

Wani abokin aikinmu ne ya nuna min irin na'urar a wayarsa, washegari na je na siyo. Kuɗinta bai kai na dubawa biyu a wancan shagon ba. Girmanta kamar kwalin ashana, a cikin leda da wani ɗan ƙaramin faifan sidi wanda har yau bansan amfaninsa ba tunda ba ni da inda zan sa shi. Abu na farko da zan gaya wa duk mai son siya, kada ka biya sai ka fito da ita ka gwada a motarka a ƙofar shagon. Ta farko da aka bani an rubuta v2.1, wutarta ta kama, waya ta ganta, amma ta ƙi magana da motar sam, sai juyawa take tana nema. Mai shagon ya ɗauko wata mai v1.5, nan take ta haɗu. Daga baya na gane duka biyun kwaikwayo ne, asalin ELM327 ɗin na wani kamfani ne a Kanada, Elm Electronics, kuma su basu taɓa fitar da wata v1.5 ba ma, masu kwafa ne suka laƙa mata lambar. To cikin kwafin ma wani ya fi wani, tsofaffin motoci irin tawa da ba su zo da tsarin CAN ba, wato sabon yaren da kwamfutar mota ke magana da shi, su ne suka fi tona asirin maras kyan, dan sai daga 2008 aka wajabta CAN ɗin a motocin Amurka.

Wajen sokawa yana ƙasan sitiyari ta hannun hagu, soket ne mai rami 16, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, shi ake kira OBD2. Na Turai masu fetur kuma daga 2001. Ka soka, ka murɗa mukulli wutar dashbod ta kawo, ka shiga bulutut ka sa 1234, shikenan. Manhaja kuma na fara da Torque na kyauta, daga baya na koma Car Scanner dan ta fi min sauƙin gani.

Da na danna karanta matsala sai ga P0171. Na karanta bayanin da ke ƙasa sau uku, babu inda aka ambaci sensa a ciki, abin da yake cewa kawai shi ne haɗin iska da mai ya tsinke, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Sai wani na biyu da ke layi bai gama tabbata ba, P0133, wannan ne ya ambaci sensan gaba yace yana nawa wajen amsawa. Wato mutumin nan kalmar sensa ya gani ya yanke hukunci, ko kuma ya ga P0171 ya ce ai sensa ne ke kawo ƙarar bari a kama shi, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai da na yi kusan sati ina karance karance da dare kafin na fahimci aikin abin, bari in faɗa yadda na gane shi. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a nan ne yake ƙona mai tas. Birenbos ba ta da ido a cikin silinda, to sai aka dasa wannan sensan a jikin salansa yana shinshina hayaƙin da ya fito, in ya ji sauran iskar oksijin da yawa sai ya turo ƙaramar wuta wajen bolt 0.1, ma'ana a ƙara mai, in ya ji babu sai ya turo wajen 0.9, ma'ana a rage. Haka suke ta yi shi da birenbos, ƙara rage ƙara rage, shi ya sa lafiyayyen sensan gaba ba ya tsayawa waje ɗaya, hawa da sauka yake babu hutu, 0.45 ce tsakiya. Tsohuwar fasaha ce ma, Bosch ne suka yi ta, Volvo suka fara sa wa motarsu a 1976. Kuma ba ya fara aiki sai ya ɗau zafi sama da digiri 300, shi ya sa aka sa masa hita a cikinsa, wayoyi huɗun nan da kake gani biyu na hitar ne. Shi dai ɗan rahoto ne, abin da ya shinshina yake faɗa. In yace iska ta yi yawa, ko dai ƙarya yake dan ya lalace, ko kuma da gaske iskar ce ta yi yawa, kuma lambar P0171 ita kaɗai ba za ta raba maka wannan gardamar ba.

Inda 'yar na'urar nan ta biya kuɗinta ba wajen karanta lamba bane, wajen nuna maka abin da inji ke yi ne yana kunne. Na zauna a ƙofar gida bayan isha'i, mota ta ɗau zafi, na buɗe abu uku kawai a waya, wutar sensan gaba, sai STFT da LTFT. Waɗannan biyun su ne yawan man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali, na farkon gyaran nan take ne, na biyun kuma wanda ta haddace ta riƙe. A lafiyayyar mota kusa da sifili suke zama, ko sun motsa dai kada su wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. Tawa a silo LTFT na kan +27, ga STFT na ƙara nasa akai, wato motar ɗura mai take ba ji ba gani dan ta cike gurbin wata iska da bata san daga ina take shigowa ba. Sai na taka totur na riƙe allurar juyin inji a wajen 2500, ina kallo lambar ta zazzago ta dawo wajen +8. Na saki, ta koma sama. Na yi haka ya kai sau biyar har maigadin layinmu ya leƙo yace Alhaji lafiya dai ko.

Ma'anar wannan kuwa a fili take in mutum ya ɗan yi tunani. A silo bakin totur a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, to in akwai wata kafa da iska ke satar hanya ta bayan iyafulo mita, wato mai auna iskar da ke shiga inji, inda ba a auna ta, kasonta zai yi yawa a cikin wannan 'yar iskar. Da ka taka totur iska ta kwararo da yawa sai ta satar ta zama ba komai ba. Da a ce falfom mai turo mai ne ya yi sanyi ko iyafulo mitar ce ƙura ta rufe, da akasin haka zan gani, ƙalau a silo, sai an taka ko an hau gada lambar ta haura. Har wani shafi na gani a manhajar inda motar ta ajiye hoton halin da take ciki a daidai lokacin da wutar ta kama, gudu 0, juyin inji ɗari bakwai da wani abu, wato a tsaye take, ƙila ma a danja.

Na koma wajen bakanike na na unguwa da wayata a hannu nace oga iska motar nan take sha ta wani waje, zo mu nema. Ya dube ni irin kallon nan na yau kuma malamin ofis zai koya min aiki, amma dai ya biye min. Muka duba babban tiyon iska babu tsagewa, ƙananan tiyo duk lafiya. Sai ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireta, inji na silo, yana ɗan fesawa kaɗan kaɗan waje waje ni kuma idona na kan waya. Dan Allah wanda zai gwada wannan ya yi hattara, abin yana kamawa da wuta, kada a fesa ta ɓangaren salansa, mu ma da abin kashe gobara a gefe muka yi. Ya fesa nan shiru, can shiru, yana kaiwa daidai inda manifol ɗin robar nan mai raba wa silinda iska ya haɗu da kan inji sai muryar injin ta canza, layin sensa a waya ya yi tsalle ya manne a 0.9, STFT ya faɗo ƙasa da sifili. Nace tsaya, sake fesa nan. Ya sake, ta sake yi. Ya leƙo ya kalli wayar ya kalli injin yace ikon Allah, wato abin nan gani yake.

Gasket ɗin manifol ne. Da aka kwance aka zaro shi ya bushe ya daskare ya zama kamar busasshiyar ganda, ya lotse ya daina toshe komai, kuma ashe sananniyar cuta ce a wannan injin, sanyi na sa robar ta ƙanƙance, shi ya sa abin ya fi tsanani da safe cikin hunturu. Sabon da aka kawo ruwan lemo ne ba baƙi irin tsohon ba. Kuɗinsa da na aiki duka basu kai abin da na kashe a sensan Baljiyam ba. Bakanike ya so ya shafa gam ɗin gasket ya ƙara akai wai dan ya kama sosai, na hana, dan wani gam ɗin silikon ɗin tururinsa na bi ta cikin inji ya je ya kashe sensan da ake ta faɗa a kansa. Bayan kwana biyu da gogewa LTFT ya zauna a +3, rawa ta tafi, mai ya dawo daidai yadda na san shi.

Ban gama murna ba bayan kamar sati uku wuta ta sake kawowa, gabana ya faɗi nace shikenan aikin banza muka yi. Na soka, wannan karon P0135, hitar sensan gaba. To ka ga wannan lambar ita kam kai tsaye wajen sensa ta nufa, amma ko ita ban yarda na sayi komai ba sai da muka je wajen mai wayarin, ya duba fiyus lafiya, ya duba wuta na zuwa soket, sannan ya cire soket ɗin ya ɗora mita a kan wayoyi biyun nan masu kala ɗaya, baƙi da baƙi, su ne na hita. Mita ko motsi, hitar ta tsinke a ciki. Sai na tuna da na but. Na ɗauko tsohon nawa mai tambarin Denso duk ya yi ƙura, aka ɗora mita ya nuna 'yar lambarsa ta om daidai. Aka sa sufana mai lamba 22 aka kwance na Baljiyam aka mayar da wanda motar ta zo da shi, na buɗe waya, ga layi nan yana hawa yana sauka gwanin sha'awa kamar haƙoran zarto. Wata shida kenan yana ciki, cek bata sake kawowa ba. Wato tun farko lafiyarsa ƙalau, gaskiya ya faɗa aka cire shi.

Akwai inda na kusa yin abin kunya da ita kuma, gara in faɗa. Yayan matata yana da Camry 2008 mai injin 2.4, wadda ake cewa Masul, shi ma cek ɗinsa ta daɗe a kunne, da ya ji labari yace in zo in duba masa. Na soka, P0420. Na buɗe sensan gaba sai naga bai hawa bai sauka, ya tsaya a wajen 3.3 yana ɗan motsi kaɗan, har na buɗe baki nace Yaya sensanka ya mutu, sai wani abu yace min bolt 3.3 kuma, ai nawa ko 1 baya kaiwa. Nace bari dai sai gobe. Ashe wannan wani iri ne daban, na zamani, shi ba ya lilo, a 3.3 ɗin yake zama in komai daidai ne, in mai ya yi yawa ya sauka in iska ta yi yawa ya hau, wato ma a juye yake da nawa, wata manhajar kuma 0.66 za ta nuna maka a madadin 3.3. A Toyota ko daga lambar jikinsu za ka bambance, irin nawa da 89465 yake farawa, irin nasa 89467, a ido kuwa kamar tagwaye, zaren ɗaurinsu ɗaya, kuma in aka ɗaura maka wani a gurbin wani mota ba za ta taɓa daidaita ba. Corolla ma daga 2005 irin na zamanin ne a gabanta. Na tabbata motoci da yawa a garin nan da wannan musayar suke yawo.

Matsalar Yaya a na baya ta fito. Shi sensan baya ba ruwansa da yawa da lissafin mai, gadin indomi aka sa shi, wato tukunyar nan ta cikin salansa mai ramuka kamar saƙar zuma da ke tace hayaƙi. In indomi na aiki layinsa kwance yake a nitse wajen 0.6 zuwa 0.7. Na Yaya kuwa tsalle yake sama da ƙasa babu kama hannun yaro, alamar hayaƙi na wucewa yadda ya fito ba abin da ya taɓa shi. Muka je wajen mai salansa aka ɗaga mota, ga tabon walda nan a cikin tukunyar an yanka an mayar, aka ƙwanƙwasa tana amsawa kamar garwar da ba ruwa. An kwashe indomin tas. Ko tun kafin ya siya ne ko a wani garejin da ta taɓa kwana, Allah kaɗai ya sani, abin da ke cikinta ne ake bi, filatinom da faladiyom da rodiyom, masu tsadar gaske. Da ya bi ta masu cewa canza sensa, ko goma ya canza P0420 na nan. Ya dai yi shiru ya jima sannan yace Allah ya isa, muka tafi.

Wani abin da ta tona min a tawa motar wanda ban ma je nema ba, zafin ruwan inji. Allurar dashbod na nuna daidai amma a waya in ina kan titi da safe da ƙyar yake haura 70, ashe wani ya taɓa cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, tun kafin ta zo hannuna, al'adar nan tamu ta wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa. Na motar a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma injin da bai kai zafinsa ba mai yake ƙara sha. Na sa an mayar.

To sai illolinta, dan tana da su. Tana yanke magana haka kawai, kana tsaka da kallo sai lambobi su daskare sai ka zare ka mayar, a rana ɗaya ta taɓa yi min sau huɗu. A tsohuwar mota irin tawa in ka buɗe ma'auni da yawa lokaci ɗaya sai ta riƙa jan ƙafa, layin sensa ya fito a karkace kamar mai ciwo alhali lafiyarsa lau, saboda haka in sensa kake son gani ka rufe komai ka bar shi shi kaɗai ko da abu ɗaya, in ba haka ba za ka ɗora masa laifin da na na'urar ne. Kada ka barta a soke, soket ɗin nan da wuta a jikinsa ko mota a kashe take, na manta da ita na yi tafiyar kwana biyar na dawo batir ya yi sanyi sai da aka tura ni, ko da yake batirin ma dama ya tsufa. A gwajin da nayi inji kawai ta gani, wutar ABS da ta iyabag ta wani maƙocina ko alamar su bata nuna ba. Mun gwada a wata tsohuwar 406 ta ƙi haɗuwa sam. Mai iPhone kuma ya tambaya da kyau kafin ya siya, irin tawa mai tsohon bulutut ba ta shiri da ita, sai mai wayifai ko sabon samfuri. Sannan komai da Turanci ne, Turancin ma na makanikai, babu mai yi maka bayani, ita dai ta zubo maka lambobi ta koma gefe.

Maɓallin gogewa kuma shi ne ya fi komai haɗari a ciki saboda daɗin dannawa, ka danna wuta ta mutu ka ji kamar ka yi gyara. Banbancinsa da cire kan batir kaɗan ne. Yana share lambar, ya share wancan hoton na lokacin da abin ya faru wanda shi ne babbar shaidarka, ya kuma mayar da gwaje gwajen da motar ke yi wa kanta farko. Ni yanzu kafin in goge komai sai na ɗau hoton fuskar waya. Amma wannan ɗin ma yana da amfani ta wani gefen, in za ka sayi mota ka soka ka ga babu lamba ko ɗaya amma gwajin indomi da na sensa duk suna nuna basu kammala ba, to ba a daɗe da goge wani abu ba, ka tambayi dillali me aka goge. Kuma ka murɗa mukulli kafin ka tada inji ka tabbata hoton injin nan ya kawo tare da sauran fitilu, in bai kawo ba an cire ƙwan ko an liƙe. In kuma wutar cek ƙyaftawa take ba tsayawa ba, wannan ba ta zaman duba waya bace, inji ne ke mis sosai ɗanyen mai na zuba cikin salansa yana dafa indomi, ka samu waje ka faka.

In maki ake so na bata 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda yankewar nan da batirina. Wanda zai iya zama ya karanta ya kuma jure kallon lambobi ya siya ba zai yi da na sani ba, wanda kuma so yake ta ce masa canza kaza, gara ya nemi mai kwamfuta na ƙwarai wanda zai juyo masa da fuskar na'ura ya nuna masa LTFT a silo da kuma a 2500, akwai su, nima daga baya na samu wani a wajen Ƙofar Ruwa da ya san abin da yake yi. Bakanike na yanzu in mota mai cek ta shigo masa waya yake min yace yallaɓai in ka taso ka biyo da 'yar shuɗiyar nan, har ya ce in na sake shiga kasuwa in taho masa da irinta, mai v1.5 ɗin. Sensan Baljiyam kuwa na mayar wa mai kwamfutar farko yace kayan wuta ba a dawo da su, yana nan a but kusa da jak.